Fuskar Huraira

Huraira ta rasu a farkon damina, ni kuma har yau in na ji motsi a bakin ƙofa sai na ɗaga kai. Muna tare da ita tun ina goyon fari har na ga jikoki. A Birnin Gwari kowa ya san ta da Mai Lulluɓi, amma shekaru da yawa ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashin mayafin.

Ta shigo garin nan ne da wani ayarin fatake, ba dangi ba kaya, sai baƙin mayafi na saƙi da ta ja har bisa hanci. Uwata ta ba ta ɗaki a gidanmu. Sana'armu man kaɗanya, ta kama, hannunta kuma ya fi nawa kyau.

Mata a nan suna yafa mayafi, amma ba mai rufe fuska haka a tsakiyar kasuwa. Sai kowa ya ba lulluɓin nata fassara. Wasu suka ce tsoron Allah ne, har suna kawo mata jarirai ta tofa musu addu'a. Wasu suka ce kuturta ce ta ci mata hanci. Nababa mahauci kuwa kullum sai ya tsokane ta.

"Mai Lulluɓi, kyau ne ya yi yawa ko muni?"

"Kai da naka yake a buɗe, me ka tsinta?" in ji ta.

A daji ta fara buɗe mini, muna tsintar kaɗe. Ta waiga gabas ta waiga yamma, sannan ta sauke mayafin. Lafiyayyar fuska ce, da tsaga sirara guda uku a kowane kunci, da wata gajera a tsakiyar goshi kamar sawun kaza.

"Ma'u, ni baiwa ce," ta ce. "Gudowa na yi. Da wannan zanen ake cigiyata."

Mahara ne suka ɗauke ta tun ba ta yi famfara ba. Aka sayar da ita can yamma, a gidan ne aka raɗa mata Huraira. Sunanta na yanka ya ɓace mata, sunan garinsu ma haka. Abin da ya rage mata kawai wani dutse a bayan gida, da uwarta tana tafe da ƙwarya a kafaɗa, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Shi ya sa in mun shiga daji sai ta sauke kayanta daga kai ta mayar kafaɗa. Da mun hango ganuwa ta maido su kai, ta ja mayafi.

Huraira ba ta taɓa zama daram ba. Ƙullin kayanta yana bayan ƙofa a ɗaure. In ta ji kofaton doki tsakar rana sai ludayi ya faɗi daga hannunta. Maza biyu sun neme ta, ta ƙi. Amma duk ranar kasuwa idonta na kan fuskokin Gwarawa masu kawo doya da tukwane, tana duba kuncinsu ɗaya bayan ɗaya. Ta taɓa ce mini, "Mayafin nan bai san maƙiyi ba, bai san ɗan'uwa ba. Ko uwata ce ta zo sayen mai, haka za ta saya ta wuce."

Na ce mata Allah ma da ya halicce mu ba a ganinsa, kuma yana nan. Ta ce, "Shi ai ya san sunansa."

Wata shekara da kaka wani mutum ya sauka a garin, Abarshi, furfura ta fara masa. Ba ya saye ba ya sayarwa. Rumfa-rumfa yake bi yana tambayar wata mace mai tsaga a kunci da aka ɗauke tana ƙarama, wai ƙanwarsa ce. Labarin ya iske mu muna tuƙin mai. Huraira ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

"In ɗan aiken uban gijina ne fa? Ai haka suke yi."

"To ki bari ya wuce."

"In yayana ne fa?"

Ta kasa cin abinci. Ta kwance ƙullin kayanta, ta sake ɗaurewa. Ta aike ni in dubo fuskarsa, na dawo na ce mata zanzana ta cinye kuncin, ba a gane komai. Ranar kasuwa aka ce gobe zai bi ayari ya tafi. Ya zo ya tsaya gaban ƙwaryarmu, ya yi sallama, ya yi tambayarsa yadda ya saba, kamar wanda ya gaji da jin a'a. Na ji Huraira ta damƙe hannuna. Sai ta sake ni, ta sauke mayafin har kafaɗa.

Kasuwa ta yi tsit. Abarshi ya matso ya duba, ya daɗe yana dubawa. Hawaye ya zubo masa.

"Ba ke ba ce, baiwar Allah. Tawa ƙanwar tsagarta biyu-biyu ce."

Amma ya ce ya taɓa ganin irin na goshinta a wajen wasu mutanen kan dutse, can bayan Randagi, waɗanda hari ya watsa. Ya yi mata addu'a ya tafi. Nababa ne ya fara magana, ya ce, "Ashe dai kyau ne."

Muka zauna jiran masu kama ta. Kaka ta wuce, rani ya wuce, ba wanda ya zo. Wataƙila masu cigiyar sun mutu tuntuni. Ita dai ba ta ƙara rufe fuska ba. Masu kawo jarirai suka daina. Rashin zaman nata kuma ya sake salo: da ta gama aikin mai sai ta ɗauki ƙwarya a kafaɗa, ta fita ta ƙofar gari a bainar jama'a, ta nufi ƙauyukan daji tana nuna fuskarta gida-gida. Ta ga duwatsu da yawa. Kowanne, in ji ta, ya yi kama kuma bai yi ba. A tafiyar ƙarshe ruwa ya dake ta a hanya, ta dawo da zazzaɓi, ba ta tashi ba.

Ni na yi mata wanka. Da aka zo rufe fuska na ce a dakata. Ranar kasuwa ce, na aika aka kira matan Gwari masu tukwane, suka shigo ɗaya bayan ɗaya suka duba. Liman yana aiko cewa rana na yi. Ba wadda ta gane ta. Na shafa goshin nan, na ja likkafani da hannuna.

Uku-uku ne a kunci, da sawun kaza a goshi. Wanda ya san mutanen da ke yin wannan zane, ko aka taɓa ɗauke musu yarinya, ya nemi gidan Asama'u mai man kaɗanya kusa da marina. Ina so in san sunan da zan riƙa sa mata a addu'a. Allah Ya jiƙanki, ƙawata, da kowane suna Ya san ki.