Inna Hure Ta Je Jego Alƙahira

Inna Hure mai ƙuli-ƙuli ce a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonar gyaɗarsa, da ita ta raini 'ya'ya biyar. Ba ta taɓa wuce Kano ba, can ɗin ma dubiya ke kai ta.

Autarta Khairiyya ta auri Najib, ɗalibi a Alƙahira, ya tafi da ita. Da labari ya zo cewa cikin Khairiyya ya tsufa, Inna ta yafa mayafi ta sami ƙanin mijinta, Malam Yahya, malamin firamare.

"Malam, Masar ɗin nan yaya nisanta?"

Ya duba wayarsa. "Yaya, daga Kano kilomita dubu uku ne da ɗoriya."

"Ni ban san kilomita ba. In na tashi da hantsi, yaushe zan isa?"

"A jirgi awa huɗu da wani abu. Can za ki yi la'asar."

Ta ce, "Ashe ma kusa ne. Haihuwar fari ce fa, wa zai dafa mata ruwan wanka?"

'Ya'yanta maza suka yi ta ba ta baki, ta ce sam. Dole aka yi mata fasfo, Najib ya nema mata biza. Ta ɗaure daddawa da kuka da kanwa da yajin jego, ta bar awakinta a hannun maƙwabciya.

Da jirgi ya ɗaga, ta damƙe hannun matar da ke gefenta tana salati. Can da hankalinta ya kwanta ta leƙa taga. Yashi ne iya ganinta, babu gona ko ɗaya. Tausayin mutanen wurin ya kama ta, har sai da matar ta ce mata ba kowa a ƙasan.

Kwananta shida da sauka Khairiyya ta haifi mace, aka sa mata sunan Inna. Gidan bene ne, hawa na biyar, babu murhu, babu itace. Inna ta koyi kunna gas, ta riƙa dafa ruwa safe da yamma tana dama kunun kanwa. Ƙamshin miyarta ya jawo wata tsohuwa Bamisriya da ke ɗakin gefe. Ba mai jin yaren wata, amma kullum suna tare, suna karɓa-karɓar jaririya.

Da aka yi arba'in Inna ta dawo gida, ta tarar an yi ruwan shuka. Washegari tana gona.

Har yau duk Juma'a Khairiyya kan kira ta a bidiyo, sai ta miƙa wa tsohuwar nan Bamisriya wayar. Ita ta yi Larabci, Inna ta yi Hausa, su yi ta dariya har cajin waya ya ƙare.