Karyar Bayan Gidan Biki

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki. Gidajen manyan ƴan kasuwar Maraɗi ba su son namiji ya shiga cikin mata da kamara, saboda haka ni ake kira. A Tsibiri nake kwana wurin innata. Da safe in hau moto, wato babur, in shigo gari, in zauna a ɗan shagon da nake haya a unguwar Zariya ina montaj, wato yankawa da haɗa hotuna, in gyara hasken fuskar amarya, in ɗora kiɗa.

Wata rana da bazara, ana biki a gidan wani Alhaji mai fataucin kaya, na fita ta ƙofar baya in amsa salula saboda kiɗa ya cika gidan. Nan bayan katanga ake zubar da ragowar abinci. Sai na ga wata jar karya ramammiya, nonuwanta sun sauko alamar tana shayarwa. Tana ɗaukar shinkafa, ta ɗaga kai sama, ta yi ta kakari kafin ta haɗiye. Da na matsa na ga dalili. Wani ya ɗaura mata wayar ƙarfe a wuya tun tana ƙarama, ta girma, wayar ta nutse cikin nama. Ƙudaje sun baibaye wurin.

Ni ba mai son karnuka ba ce, ba a tashe mu da hakan ba. Amma kamara tana rataye a kafaɗata, sai na ɗaga ta. Na bi karyar daga nesa har ta shiga wani kango da aka fara gini aka bari. A ƙarƙashin tulin bulo ƴan kwikwiyonta suke, idanunsu ko buɗewa ba su gama yi ba.

Na yi wa bidiyon nan aiki kamar na amarya. Na rage tsawonsa, na sa muryata da Hausa, na rubuta Faransanci a ƙasa, na roƙi duk wanda ya san yadda za a cire wayar ya neme ni. Na ɗora a shafina, na tura cikin guruf-guruf na mata da nake ciki.

Ya yaɗu fiye da kowane biki da na taɓa ɗauka. Wasu suka sa fuskar kuka suka wuce. Wasu suka yi dariya. Wani ya rubuta cewa mutane na kwana da yunwa a garin nan, ni kuwa kare ne ya dame ni. Innata da aka nuna mata ta dube ni ta ce, "Ke yanzu karnuka kika koma ɗauka? In hajiyoyin nan suka gani, wa zai ƙara kiranki gidanai?"

Cikin dukan masu kallon, mutum biyu ne suka kira ni da magana mai amfani. Na farko wani likitan dabbobi ne mai shagon maganin tumaki da kaji. Ya ce, "Malama, cire wayar ba wuya. Ki kawo mini ita. Sai dai ba ni da abin da zan sa ta barci daga nesa." Na biyu wani dattijo ne mai garkar zogale da tattasai a Jiratawa, ɗiyarsa ta nuna masa bidiyon. Ya ce in an yaye kwikwiyon yana so, za su tsare masa garka.

Mun yi ƙoƙarin kama ta, ni da likitan. Mun sa maganin barci cikin nama, ta kasa haɗiye naman. Mun dama shi cikin fura, ta shinshina ta bar shi. Mun aro raga wurin masu kaji, ta tsallake ta ta yanka cikin lungu. Kowane gwaji sai ya ƙara mata tsoro, har ta kai in ta ji ƙarar motona sai ta ɓuya. Na koma ajiye mata kunu a bakin kangon in tafi. In na waiwayo daga nesa ina hango ta tana lasa, wuyan kuwa kullum ƙara kumbura yake.

Ana haka mutane suka gane shagona. Sai in zo da safe in tarar da kwali a bakin ƙofa, ƴan kyanwa a ciki suna kuka, ba wanda ya ga mai ajiyewa. Na riƙa ɗaukar su hoto ɗaya bayan ɗaya, in goge musu ido, in shimfiɗa musu kyallen da nake sawa bayan amare. Wata Hajiya da na yi wa bikin ɗiya ta karɓi wasu saboda ɓeraye sun addabi ma'ajiyar hatsinta. Sauran suka zauna tare da ni, suna hawa kan na'urata, suna taka mini aiki. Mai shagon da nake haya ya zo ya tsaya a ƙofa ya toshe hanci ya ce, "Ɗiyata, ni wurin sana'a na ba ki haya, ba gidan mussa ba."

Sai aka ce kare ya ciji wata yarinya a wata unguwa can nesa da mu. Gaskiya ne, an cije ta, kuma iyayenta sun firgita ƙwarai. Bayan haka wata ƙawata ta turo mini wani bidiyo ta ce, "Wannan ba naki ba ne?" Nawa ne. An yanke muryata, an yanke wurin kwikwiyon, an bar inda karyar take kakari yawu na zuba. A kai an ɗora muryar wani namiji yana cewa ga mahaukacin karen da ke cizon yara, kowa ya yi hattara, a tura wa ƴan uwa. Katangar gidan bikin ta fito sarai, duk ɗan unguwa zai gane ta.

Na zauna nan take na haɗa wani sabo. Na sa na asali gefe da gefe da wanda aka lalata, na nuna wayar da kibiya, likitan ya yarda ya yi magana da fuskarsa ya ce ciwo ne ba hauka ba. Ban taɓa yin montaj mai tsabta kamarsa ba. Na tura ko'ina, na kira mutane ina roƙon su tura. Na ƙarya ya riga ya shiga salular kowa, har innata a Tsibiri an turo mata. Nawa kuwa ƴan tsirarun da suka san ni ne suka kalla.

Washegari da na isa kangon, mai gadin gidan Alhaji ya tare ni tun kafin in kashe moto. Ya ce, "Kada ki shiga, Malama. Samari sun zo jiya bayan la'asar da sanduna. Na ce musu wagga karya na san ta, ba ta taɓa ko haushi ga mutum ba. Sun nuna mini salula, sun ce ga shaida." Ya ce ba ta gudu ba, ta tsaya a gaban tulin bulon. Shi ya ja gawarta ya rufe a bayan kangon.

Ban ji haushin samarin ba kamar yadda na zaci zan ji. Da yawansu suna da ƙanne masu wasa a lungun nan. Wanda ya ɗora muryar kuwa har yau ban san ko wane ne ba.

Kwikwiyon ba a taɓa su ba. Na zuba su cikin kwali na ɗaure a bayan moto na nufi Jiratawa, ko da yake ba su isa yaye ba. Dattijon ya karɓe su, ya yi musu wuri a inuwar mangwaro kusa da magudanar ruwa, matarsa tana ba su nonon akuya da tsumma. Duk da haka suka riƙa mutuwa. Ɗaya ce ta rayu.

Bayan damina na koma in gan ta. Ta yi ƙiba, tana bin dattijon tsakanin kunyoyin zogale, ba ta san ni ba. Na ɗauke ta bidiyo. Kafin in tashi na ce masa akwai wasu ƴan kwikwiyo da aka ba ni labari a bayan tasha. Ya gyara bakin ruwa da fartanya, sannan ya ce, "Ɗiyata, Allah shi ba ki lada. Amma garkata ba ta ɗaukar karnukan Maraɗi duka. Maƙwabta ma sun fara magana."

Na ce na gane, na yi masa godiya.

A hanyar komawa salula ta yi ta motsi cikin jakata, sai na tsaya gefen titi na duba. Wani direba ne da ban sani ba ya turo hoto: baƙin kare kwance a bakin kwalta, mota ta karya masa baya, idonsa a buɗe. Ya rubuta cewa an ce masa ni ce mai taimakon karnuka, in zo. Wurin ya yi mini nisa, ga kamun amarya ana jirana a gari, kuma ko na je ban san abin da zan iya yi wa karyayyen baya ba. Na rubuta masa cewa ya ja shi inuwa, ya ba shi ruwa in zai sha. Ya amsa da to. Na mayar da salular jaka na tada moto.