Mai Goge Jar Mota

A gidan tarihin motocin tsere da jiragen sama na gan ta, tsaye ƙarƙashin fiffiken wani tsohon jirgi, tana goge sitiyarin wata jar mota. Ta haura saba'in, amma bayanta a miƙe yake. Rigar aikinta duk baƙin mai, ga tabon ƙuna a fatarta har gwiwar hannu, ba ta ko ɓoye shi. A ƙirjin rigar an rubuta Maureen.

Ina jin a zamaninta ta yi tsere da irin wannan motar. Wataƙila ba ta taɓa zaman jiran kowa a gida ba, ita ake jira.

Mijina Clive, wanda tun da ya bar aiki sai in yini ban ji muryarsa ba, ya matsa kusa da igiyar da ta kange motar.

"Dattijo, kallo ka zo yi ko shiga?" in ji ta, tana ɗaga masa igiyar. "In ƙugunka zai yarda."

"Ƙuguna ya fi injin nan lafiya!"

"Af, injin nan kullum yana tashi da safe."

Sai ga Clive a kujerar direba, yana dariya har da hawaye. Rabona da jin wannan dariyar tun yaranmu suna ƙanana. Ni kuwa ina tsaye, riƙe da kwat ɗinsa da jakar maganinsa.

Ta waiwayo tana murmushi. "'Yar'uwa, ke ma zo ki hau mana."

"Na gode," na ce. "Hannuna a cike yake."