Darasin da Na Bari Aka Cire

Shekarar da na ajiye alli, wani Bature ya sauka Katsina da jakar goyo da wani littafi da yake ji da shi kamar ɗan fari. Shi ya tsara shi, don masu jin Turanci su koyi harshen Faro, wasu tsibirai can tsakiyar teku mai sanyi inda, in ji shi, tumaki suka fi mutane yawa. Yanzu kuma Hausa yake so a zuba a wannan mudun nasa. Aka haɗa shi da ni, aka ce sunana zai fito a bango. Ba zan ɓoye ba, sunan nan ne ya ja ni, don na gaji da koyar da littattafan wasu.

A zaurena na Ƙofar Kwaya muke aikin. Darasi na uku a littafinsa tashar jirgin ruwa ce. Na ce masa mu nan sai tashar mota da ɗan acaɓa, da ƙyar ya haƙura. Amma da muka zo gaisuwa sai ya kafe, wai layi huɗu kacal, kamar yadda take a na Faro. Ni kuwa shafi shida na rubuta, tun daga kwana da gajiya da iyali har barka da ta'aziyya. Ya bi su da jan biro yana murmushin nan na wanda ya gama sanin duniya.

"Malam, ɗalibi ba ya bukatar wannan duka," in ji shi. "Wa zai je gidan mutuwa a watansa na farko?"

Ka ji fa! Mutumin da ko hanyar kasuwa bai gane ba, shi ke gaya mini abin da ake bukata a garinmu. Na raina wayonsa iyakar raini, amma a zuci. Da na tuna bangon littafi sai na sa hannu.

Ba a yi sati uku ba kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a Ƙofar 'Yandaka. Baturen ya zo, wannan kam ban hana masa ba. Na shigar da shi wurin Inna, mahaifiyata, tana kan tabarma da carbi, mata sun kewaye ta. Ya cire takalmi, ya durƙusa yadda na nuna masa, ya washe haƙora.

"Sannu Hajiya! Ina wuni? Yaya aiki? Sai an jima!"

Layi huɗu cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Matan suka kalli juna. Shi kuwa ya waigo yana kallona, yana jiran in yaba masa.

Da na raka shi na dawo, Inna ta ce, "Wanga baƙo naka ba shi da laifi, abin da aka ba shi ya kawo. Wa ya koya mashi?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "To, ran da na mutu, kada ka kawo mani ɗalibanka."

Littafin ya fito, sunana na nan a bango da manyan baƙaƙe, ƙarƙashin nasa. Yana cikin akwati. Har Inna ta rasu ban iya nuna mata shi ba.