Bututun da Yaya Abdulghani Ya Ƙera Don Ya Karye

Yayana Abdulghani taurin kai gare shi, ba zan ɓoye ba don muna ciki ɗaya. A unguwar Karantina ta Jidda aka haife mu, jikokin wani Bakano da ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Yaya ya shiga walda tun gemu bai fito masa ba, daga baya ya koyi feƙe ƙarfe a inji. Da aka rushe unguwarmu ya ɗora injinsa a bayan mota ya kafa warsha, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Mahjar, ni kuma ya ba ni lungu ina ɗinka rumfunan jiragen ruwa. Tun daga tashar jiragen ruwa ta Ubhur masu jirage suke zuwa nemansa, don abin da ya ƙera sai dai jirgin ya ruɓe ya bar shi. Shi kuwa gogan, shekararsa sittin da biyu, ko iyo bai iya ba.

Wata safiya sai ga wata 'yar Jidda mai suna Areej, rana ta gasa mata fuska, tafin hannunta duk kanta. Wai za ta shiga gasar kewaya duniya a jirgin ruwa mai tafiya da iska, ita kaɗai tilo, ba tsayawa a ko'ina. Na dafe ƙirji na ce, "Ke 'yar nan, in barci ya ɗauke ki wa zai tuƙa?"

Ta yi dariya ta nuna mana hoto a waya. Wani ƙarfe ne maƙale a bayan jirgin. A samansa akwai siririn allo da iska ke turawa, allon ya karkata wani filafili da ke cikin ruwa, filafilin ya ja igiya ya daidaita kan jirgin. Ba batir, ba mai. Shi ne matuƙinta in tana barci ko tana salla.

Abin da ya kawo ta ɗan guntun bututu ne na alminiyam, tsawon tafin hannu, wanda ke haɗa filafilin da sauran ƙarfen. Ya tsage. Ta ajiye shi da takardar awo, ta kira shi baffa da Larabci, ta ce, "Ammu Abdulghani, irinsa sak nake so."

Tana fita ya matse bututun da yatsa ya yi tsaki. "Gwangwanin madara! Da wannan za a tura 'yar mutane bakin duniya?" Ya ɗauko sandar baƙin ƙarfe marar tsatsa, cikakkiya ba rami, ya feƙe ta, ya je Ubhur ya ɗaura da hannunsa. Daga waje ba ka bambance su. Na ce masa, "Yaya, ai sak ta ce." Ya ce, "Fatu, tsaya kan allurarki." Haushi ya sa na koma kan ɗinkina. Amma in faɗi gaskiya, don ƙauna ya yi. Ba shi da 'ya mace, yarinyar nan ta shiga ransa.

Ranar Juma'a, saura kwana biyu ta tashi zuwa ƙasar da za a fara gasar, muka kai wa amininsa Hamad masunci rumfar da na ɗinka masa. Muka tarar da shi a bakin ruwa yana ɗaure dutse a ƙarshen igiyar kamun kifi da wani zare siriri. Yaya bai iya ganin abu ya yi shiru ba.

"Hamad, tsufa ya kama ka? Wannan zaren ai tsinkewa zai yi."

Hamad bai ko ɗago ba. "Don ya tsinke na sa shi. In dutsen ya maƙale a duwatsun murjani na ƙasan teku, ya tafi shi kaɗai, in tsira da igiyata da kifina. In na ɗaure da mai ƙarfi, sai in rasa duka, ko ya jawo ni ruwa."

Wallahi na ga fuskar Yaya ta sauya. Ya gane. Bututun nan da gangan aka yi shi rarrauna. In filafilin ya bugi gungume ko babban kifi a tsakiyar teku, shi zai karye, a sa wani. Sandar Yaya kuwa ba za ta karye ba, sai dai ta fizge ƙarfen gaba ɗaya, ta ɓalle bayan jirgin, ruwa ya shiga, a inda jirgi mafi kusa yake tafiyar kwanaki.

Ya ce, "Yalla, Fatu, mu tafi Ubhur."

A hanya na ba shi shawarar matsorata. Na ce ya ce wa Areej zai ƙara duba wani abu, ya canza a ɓoye, halas, shi ke nan. Ya ce, "Ita za ta kwana a kansa wata takwas. Dole ta san abin da hannuna ya taɓa."

A gaban ma'aikatan tashar, waɗanda rabinsu shi ya koya musu riƙe guduma, ya kwance sandar ya miƙa wa Areej. Nauyinta kawai ta ji ta gane. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ammu, da ka kashe ni." Ya ce, "Da na kashe ki." Bai kawo uzuri ko ɗaya ba. Ni da nake yi masa tsiya kullum, ranar na ji girmansa ya cika min ido.

Kashegari bai ci abincin rana ba. Ya feƙe bututu goma sha biyu na alminiyam, kowanne da ɗan tsagi a tsakiya daidai awon takardar. Shida ya rataya musu buhunan siminti ɗaya bayan ɗaya har suka karye, yana duba ko a nauyi guda suke sallamawa. Duk ƙarar karyewa sai ya runtse ido kamar haƙorinsa ake cirewa. Sauran shidan ya kai mata, ya ɗaura ɗaya tana tsaye tana kallo.

Ta tafi. Wata biyar Yaya yana zuwa aiki yana dawowa, amma ya daina yi wa kowa faɗa, abin har ya fara ba ni tsoro.

Ran nan da hantsi Dalal, yayar Areej, ta shigo warsha da waya a hannu. Saƙo ya zo daga can tekun kudu mai sanyi. Wani abu ya bugi filafilin jirgin Areej cikin guguwa, bututun ya karye.

Yaya ya kashe inji. "A ina ya karye?"

Dalal ta sake duba wayar. "Ta ce daidai kan tsagin. Bayan jirgin lafiya lau. Ta sa wani, tana tafiya."

Ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a kan buhun siminti. Na miƙa masa shayi, ya ajiye kofin a ƙasa. Can ya ce, "A gaya mata saura huɗu a akwati. Ta bi a hankali."

Sai ya tashi ya zagaya bayan injinsa inda yake zaton ba ma ganinsa. Rabon da in ji kukan Yaya tun ranar da muka binne mahaifiyarmu.