Mai Feshin da Ya Lulluɓe Amya

Da la'asar sakaliya Mista Wilfred Arceneaux yake fito da motar feshi daga garejin hukuma. Sai ya duba tankin magani, ya ga inda iska ta dosa, sannan ya jira rana ta faɗi, don sauron kudancin Louisiana ba ya fita aiki da wuri. Daga nan ya shiga layukanmu yana tafiyar hawainiya, inji na gurnani a bayansa, mu kuwa muna rufe tagogi muna tsaki, kamar ba don mu yake yi ba. Haka ya yi shekara da shekaru, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Kowa ya san in ya zo gidan Mama Eulalie Fontenot sai ya kashe inji. Tsohuwar tana da amya a bayan gida, gadon mijinta, kuma maganin da ke kashe sauro ba ya barin ƙudan zuma. Ba wanda ya damu, sai shekarar da zazzaɓin West Nile, wanda sauro ke yaɗawa, ya kwantar da Renée, matar maƙwabcinta Darnell, har ta daina gane mutane a asibiti.

Darnell ya tare motar a tsakiyar titi.

"Wilfred, wai ƙwari sun fi matata ne? Ka zo daidai kwatar da sauron yake, ka kashe mana inji?"

"Ba su fi ta ba."

"To yau ka fesa, in ba haka ba gobe ina ofishinku."

Mama Eulalie tana baranda, ta ji komai. Ta ce, "Fesa kawai, ɗan nan. In sun mutu, sun mutu." Ta shige ciki don kada a ga idonta.

Da ya fesa, ba mai ganin laifinsa. Sai ya faka motar, ya bi gida-gida yana roƙon tsofaffin buhunan algarara. Ya jiƙa su sharkaf, ya lulluɓe amyoyin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya feshe layin kakaf, har ƙofar tsohuwar. Da sassafe ya dawo ya yaye buhunan kafin zafi ya dafa ƙudan a ciki. Su kuwa da ba su san mai taimakonsu ba suka yi masa caa da harbi.

"Ka ga fuskarka kuwa?" in ji Mama Eulalie. "Kamar burodin da yis ya yi wa yawa."

"Mama, ladan ke nan? Ki ce musu na gode."

Tun daga ranar, duk feshin da za a yi a layin sai ya yi wannan zirga-zirgar, ba tare da wani ya sa shi ba. Ƙudan sun rayu. Renée ta dawo gida tana dogara sanda, amma ta dawo.

Mista Wilfred, kai ne ka ƙi yarda a ce dole ɗaya daga cikin maƙwabta biyu ya yi kuka. Direban da ba ya gaggawa, mun daɗe muna toshe maka hanci, kuma ina jin kunyar yadda muka makara wajen gode maka. Mun gode. Allah ya ba ka hutu mai daɗi da lafiyar cin moriyarsa.

Masu aikin jama'a, ku duba wannan mutum. Mu ma sauran ba sai an ba mu mota ba, kuma akwai wanda ya riga mu farawa. Makon jiya aka ga Darnell a bayan gidan tsohuwar, rungume da jiƙaƙƙun buhuna, yana jiran Wilfred.

"Zo ka nuna mini yadda ake yi," ya ce. "Sabon direban ba zai san da zaman ƙudan ba."