Katangar da Gwaggo Cima ba ta gani ba

Gwaggo Cima ta rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsugune ina wanke kwanoni, Kawu Sale ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce wa Innarmu, "Konseye ta cika a hanyar Maradi." Na ci gaba da cuɗa kwano ɗaya ban san ina yi ba, sai da Inna ta zare shi daga hannuna.

An kai ta da hantsi. Daga bakin ƙofa muka ga wucewarta. Ban taɓa ganin jama'a haka a layinmu ba.

Waɗanda suka san ni a shafin nan sun san ba na rubutu, sai dai in sa hoton fure in yi shiru. Yau ku yi haƙuri da ni, zai yi tsawo.

Ga waɗanda ba 'yan garinmu ba: Gwaggo Cima konseye ce, wato kansila, a meri ɗinmu, ma'aikatar magajin gari, cikin matan da aka zaɓa. Sana'arta aya, tana saye tana kaiwa kasuwar Cadawa. Ba mu haɗa dangi da ita ba, amma duk garin Gwaggo ake ce mata, har magajin gari.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko Inna sai an karanta mata wannan za ta ji.

Shekarar da na shiga koleji ba na shan ruwa da safe. Koko ma sai in kurɓa kaɗan in ture. Inna ta ɗauka yanga ce ta 'yan lakol, 'yan makarantar boko. Ba yanga ba ce, tsoro nake ji kada in matsu a can.

Kuma ba don babu makewayi ba. Akwai, sabo fil, meri ce ta gina mana, da shuɗin fenti, ranar buɗewa har da masu ganga. Sai dai ƙofofinsa kudu suke kallo, kuma a kudun nan babban iccen bedi yake, inda malamai ke ajiye benci suna shan shayi lokacin rekire, hutun tsakanin darasi. Bayan bedin titi ne, nan 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja. Duk wadda za ta shiga sai ta ratsa fili da buta a hannu maza na kallonta, ta fito suna kallonta.

Ni dai ban ga wadda ta taɓa shiga ba.

Wasu sukan gudu gida lokacin rekire, ba su dawowa. In kuma kwanakin nan da mata suka sani suka zo, sai a ce ciwon kai ne, a zauna gida. Ƙawata Murja da haka darasi ya yi ta wuce ta har ta maimaita kilas.

Zance ya kai meri cewa an yi asarar siminti, 'yan mata ba su san darajar abu ba. Direktan lakol ya tara mu ya tambaya, muka sunkuyar da kai. Wa za ta buɗe baki ta faɗi irin wannan a gaban namiji?

Gwaggo Cima ba ta tara kowa ba. Ita ba ta yarda da taro ba, takan ce in ka tara mutane abin da kake son ji za su faɗa maka. Tirenta na jiƙaƙƙiyar aya ta ɗauko ta zauna cikin masu talla a bakin lakol, kamar ciniki ne ya kawo ta. Ta yi kwanaki tana zuwa. Hannunta na auna aya, idonta na cikin fili.

Wata rana ina jingine da bangon kilas, na ɓoye littafin soyayya a cikin kayena na rubutu, na kai daidai inda saurayin ya dawo daga tafiya, sai na ji murya a kaina.

"Ke ɗiyar Habsu, mi kike karatu haka leɓɓanki duk sun bushe?"

Na ce labari ne.

"Na soyayya?"

Na gyaɗa kai.

"To ya aure ta?"

Na ce tukuna.

"Su mutanen littafin nan naki suna zagayawa kuwa? Ko su ma da ƙishirwa suke wuni irinku?"

Dariya ta kuɓuce mini, sai kuma na ji hawaye. Ban san ta lura ba. Ban san akwai wanda zai lura ba.

Ta ɗauki butar alwalarta ta ce in biyo ta. Muka nufi makewayin, tana gaba ina baya kamar ƙasa ta tsage in shige. Muna kaiwa tsakiyar fili malamai suka ɗago. Wani ya ce, "Gwaggo, barka da rana, lafiya dai?" Wani ɗan kabu-kabu daga titi ya ɗaga hannu, "Konseye, a kawo moto?"

Ta tsaya cak. Ta juyo ta ce mini ƙasa-ƙasa, "La ilaha illallahu. Ni da furfurata ƙafata ta ƙi. Mu koma."

Ba ta sake tambayata komai ba. Ta cika mini hannu da aya ta tafi.

Abin da ya faru a zaman majalisa Kawu Sale ne ya ba mu labari, shi ne planto, wato masinja, a meri, yana tsaye a ƙofa. Ya ce ta miƙe ta kira abin da sunansa, ta ce maganar salgar 'yan mata ta kawo. Wasu suka yi dariya, wasu suka kau da kai. Wani dattijo ya ce, "Haba Cima, a majalisa fa muke."

Ta ce, "Ai a majalisa kuka gina ta, Alhaji."

Aka kira maginin. Bawan Allah ya ce shi alƙibla ya kiyaye, ba ya son mai shiga ya fuskance ta ko ya ba ta baya, shi ya sa ya juya ginin haka. Kowa ya ce ya yi daidai. Gwaggo ma ta ce ya yi daidai, Allah ya ba shi lada, amma da an tambayi mace ɗaya da ta ce a juya arewa, can ma ba alƙibla ba ce. Ta ce yanzu ba rushewa za a yi ba, katanga kawai za a ja a gaba, a bar mashiga ta baya.

Aka ce bana an riga an raba ayyuka, sai baɗi.

Ba ta jira baɗi ba. Ta bi gida-gida, duk gidan da ke da ɗiya a koleji ta ce su kawo zana ɗaya. Ranar Lahadi mata suka fito gayya, wasu da zana a ka, wasu da dirka, ita kuma ta ɗaure zane a ƙugu tana gina rami da kanta tana faɗa da kowa. Kafin azahar an kewaye wurin.

Litinin ɗin nan kuwa sai ka ce sallah. Murja ce ta fara shiga, ta fito tana taku kamar amarya, muka yi ta dariya har aka kaɗa ƙararrawa.

Ba wannan kaɗai ta yi ba. Famfon unguwarmu da ya lalace ita ta yi ta zarya har aka gyara. Sharar kasuwa duk ƙarshen wata ita ta kafa ta, kuma ita ke fara zuwa da tsintsiya. Ba zan ce ba ta da zafi ba. Ta taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu ta yi wa Inna faɗa a kan ruwan wankanmu da ke kwarara titi, makwabta na ji. Inna ta yi fushi, suka daina gaisawa. Sai ga ta wata safiya da magirbi da ɗanta, sun zo gina mana ramin ruwa, tana cewa, "Habsu, in kin gama fushin ki kawo mana fura."

Ni kuma ta hana ni sakat. Ko a tsakiyar kasuwa ta hango ni sai ta ɗaga murya, "Zuwai! Ya aure ta ko har yanzu yana tafiya?" In rufe fuska da hijabi in wuce. Ina jin haushi a lokacin. Yau da zan sake jin wannan kiran, da na tsaya na ba ta labarin daga farko har ƙarshe.

A littattafan da nake karantawa kullum wani ne ke zuwa da mota ya ɗauke yarinya daga damuwarta. Na daɗe ina jiran irinsa. Ni wadda ta zo mini tsohuwa ce da tiren aya da silifas.

Zana ba ya daɗewa. Damina ta doke shi, gara ta ci dirkokin, awaki suka ƙarasa. Tun da muka koma lakol wurin a buɗe yake kamar da. Ƙananan da suka shigo bana na ga sun fara abin da muka yi: leɓɓa a bushe, gudu gida lokacin rekire.

Ganinmu na ƙarshe ranar Juma'a ne. Ta aika a kira ni. Na tarar da ita a tabarma ta miƙe ƙafafu, sun kumbura, tana tsintar aya a faifai. Ta ce ranar Alhamis mai zuwa za a zauna a raba ayyukan baɗi, kuma duk lokacin da ta tada maganar katanga sai a ce ita kaɗai ke faɗa, 'yan matan ba su ce komai ba.

"To ku ce wani abu. Ke ce mai karatu, ki rubuta wa magajin gari takarda, 'yan uwanki su sa hannu."

Na zauna nan gefenta na rubuta, na karanta mata. Na fara da cewa zukatanmu suna zubar da hawaye kamar ruwan bazara, idanunmu sun ƙafe a kan hanyar jiran tausayinsa.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Zuwai, katanga muke nema, ba aure ba. Goge."

Na goge. Muka rubuta shi yadda yake: ƙofa na kallon maza, ba mu iya shiga, muna rasa darasi, muna roƙon katanga.

Ta ce, "Yawwa. Ranar ki zo mu tafi tare. Ba sai kin yi magana ba, ni zan yi surutun. Ke dai ki tsaya su ga fuskarki."

Na ce to, amma a raina ina neman ciwon da zan ƙirƙira ranar. Ni da ko gaishe da baƙo sai murya ta maƙale mini.

Da zan fita ta ce, "Ki gaida Habsu. Ki ce mata furarta ta rannan ba ta ji nono ba."

Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Takardar tana cikin sak ɗina, jakar da nake zuwa lakol da ita, 'yan kilas ɗinmu da na ƙasa da mu duk sun sa hannu. Ɗazu a gidan gaisuwa na ja Kawu Sale gefe na tambaye shi ko za a ɗage zaman saboda rasuwar. Ya ce ba za a ɗage ba, za dai a yi mata addu'a a fara. Na ce katangar fa? Ya dube ni ya ce, "Wa zai tada ta? Ke ma kin san mazan nan ba za su iya furta ta ba. Tsallakewa za a yi."

Murja ta ce mu ba Kawu ya ajiye a kan teburin magajin gari mu gudu. Na kusa yarda. Amma takarda a kan teburi ba ta da fuska, kuma fuska Gwaggo ta ce su gani.

Da muka dawo na faɗa wa Inna ni zan kai takardar. Sai ta ce, "Ki sa hijabinki mai ruwan toka, shi ya fi mutunci. Zan raka ki har ƙofa."

Don haka ranar Alhamis in Allah ya kai mu ni zan kai takardar meri, in miƙa wa magajin gari hannu da hannu. Ban san ko muryata za ta fito ba. Na rubuta a nan ne don kada in samu hanyar fasawa.

Ya Allah ka jiƙan Gwaggo Cima. Ka yafe mata zafin bakinta, ka karɓi zirga-zirgarta. Yadda ta nema mana sutura a duniya, ka suturta ta a kabarinta da ranar tsayuwa. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi mata Ƙulhuwallahu ba. In kun gama nata, ku sa ni a ciki, Allah ya riƙe mini ƙafafuna in ratsa ɗakin majalisar nan.

'Yan koleji, duk wadda aka ba izini a gida, mu haɗu a bakin meri ranar Alhamis da safe.